Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ɗalibi Da Zullumin Jarrabawa

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zaga harabar jami'a da tsakar dare a makon jarrabawa ya san abin da nake son yin magana a kansa, ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Ajin da malami kan yi wa lacca da rana rabin kujerunsa babu kowa, sai ka tarar da shi cike maƙil da ƙarfe biyun dare. Wannan ya ɗaure kai da tsumma saboda ciwon kai, wancan ya tsoma ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace shi, wani kuma ya cika kunci da goro, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur kamar gauta. Mai shayin bakin ƙofa ne kaɗai ke fara'a, domin shi kam kakarsa ta yanke saƙa. In ka gai da abokinka, maimakon ya amsa maka da "lafiya lau", sai ka ji ya ce, "Wallahi kwanana biyu ban runtsa ba." Yakan faɗi haka ne da murya irin ta mai kai kuka, amma in ka saurara da kyau za ka ji akwai alfahari a cikinta.

Wannan alfaharin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mu ɗalibai mun mayar da kwanan zaune wata jarumtaka, har wanda ya kwanta da ƙarfe goma a daren jarrabawa ake yi masa kallon rago, ko kuma a ce yana da wata madogara da ba a sani ba. A nawa ɗan gajeren tunani mun yi babban kuskure. Natsuwar da kowa ke nema a makon jarrabawa tun farkon zango ake tara ta, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake tara hatsi a rumbu, barci kuwa shi ne mai gadinta. Kwanan zaunen da muka ɗauka magani, shi ne ke ƙara wa ciwon ƙarfi. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa ke nan a wannan ɗan rubutu, tare da neman afuwar malamaina in na yi shisshigi cikin fagen da ba nawa ba.

Ni ganau ne a wannan al'amari, ba jiyau ba. A shekarata ta biyu na bar kwas ɗin tsarin sautin Hausa ya taru mini, ina cewa gobe, ina cewa jibi, har aka kafe jadawalin jarrabawa. Na yi dare biyu a jere ban kwanta ba, goro da baƙin shayi su ne abincina. Da aka raba takardar tambayoyi, ta farko a kan ganɗantawa ce, watau irin yadda sautin /t/ kan koma /c/ a gaban wasalin /i/, kamar a "mota" da "motoci". Abu ne wanda ni da kaina na yi wa wani aboki bayaninsa kwana uku kafin nan. Amma na fi minti 20 riƙe da biro ina kallon takarda, zufa na keto mini, kaina fayau kamar an wanke allo. Sai da na fito na zauna a gindin wata darbejiya, sa'an nan amsoshin suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da ba su da sauran amfani. Kwas ɗin ya yi mini kwantai, dole na sake ɗaukarsa da shekara ta zagayo, kuma sai da na kwana bakwai ina neman bakin da zan gaya wa mahaifina, wanda da kuɗin gyaɗarsa aka biya mini rajista.

ZULLUMI DA ABIN DA YAKE YI WA JIKI

Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmomi. Bahaushe ya bambanta tsoro da fargaba da zullumi. Tsoro na abin da ke gabanka ne, kamar maciji a kan hanya. Fargaba faɗuwar gaba ce saboda abin da kake jin yana iya aukuwa. Zullumi kuwa ya fi su daɗewa a zuciya, domin tunani ne mai kai da komo a kan abin da bai zo ba tukuna, ba ka kuma san yadda zai zo ba. Wannan na ukun shi ne ciwon ɗalibi. Har ila yau Bahaushe ya lura da abin da wannan hali kan yi wa jiki, ya kuma sa masa sunaye: gaba ya faɗi, hantar ciki ta kaɗa, ciki ya ɗuri ruwa, yawun baki ya ƙafe, gwiwa ta yi sanyi. Jiki magayi, in ji masu iya magana.

Masana kimiyyar jiki sun zo sun bayyana dalilin waɗannan alamomi. A shekarar 1915 wani masani Ba'amurke mai koyarwa a Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya wallafa littafi inda ya nuna cewa da zarar dabba ko mutum ya hango haɗari, jikinsa kan shirya wa ɗayan abu biyu, faɗa ko gudu. Wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan zuba sinadarin adiranalin a cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙara sauri, jini ya rage a wajen ciki ya tafi ga damatsa da cinyoyi, aikin narkar da abinci ya dakata. Wannan shiri ne mai kyau ga manomin da ya yi kiciɓis da kura a hanyar gona. Abin takaici shi ne jiki bai san bambancin kura da takardar jarrabawa ba. Ɗalibi na zaune a kujera, babu wanda zai doka, babu kuma inda zai gudu, sai ƙarfin da aka tara masa ya koma rawar hannu da gumi da ruɗewa.

To, amma kada a ɗauka ina cewa duk fargaba sharri ce. A 1908 wasu Amurkawa biyu, Robert Yerkes da John Dodson, sun koya wa ɓeraye bambanta akwati fari da baƙi, suna ɗan ja musu lantarki in sun shiga wanda ba shi ba. Sun lura cewa in bambancin yana da wuyar ganewa, matsakaicin horo ne ya fi sa ɓerayen saurin koyo, in ya yi tsanani kuwa sai koyon ya ja baya. Daga nan ne masana halayyar ɗan Adam suka gina ra'ayin cewa aiki mai wuya yana son matsakaiciyar himma. Mutanen da sun ce faɗuwar gaba asarar namiji, amma ɗalibin da gabansa ba ya faɗuwa ko kaɗan, galibi ba ya buɗe littafi. Fargaba kamar gishiri take a miya: in babu ita miya ta yi lami, in ta yi yawa a zubar.

INDA ZULLUMIN YAKE TSIRA

Shin me ya sa za ka ga ɗalibai biyu, aji ɗaya, malami ɗaya, ɗaya ya shiga ɗakin jarrabawa yana murmushi, ɗaya kuwa cikinsa ya ɗuri ruwa? Mukan ce halitta ce, wane mai dakakkiyar zuciya ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan duka ba. Abin da na lura da shi a kaina da kuma abokaina shi ne, na farkon ya san ya sani, domin ya riga ya gwada kansa. Na biyun ya karanta, watakila ma ya fi na farkon daɗewa a kan littafi, amma bai taɓa rufe littafin ya ga abin da ya zauna ba. Ranar jarrabawa ce rana ta farko da zai gwada, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A cikin wannan rashin tabbas ne zullumi yake tsira.

A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya daɗe yana yi a kan kansa. Yakan haɗa gaɓoɓi marasa ma'ana, baƙi da wasali da baƙi, ya haddace su, sa'an nan ya auna abin da ya rage bayan minti 20, bayan awa guda, bayan kwana guda, har zuwa wata guda. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko, daga baya ta lafa. Ya kuma gano wani abu da ya fi wannan amfani gare mu: jerin gaɓoɓin da ya maimaita sau 68 a zama ɗaya, haddarsa ba ta fi ta wanda ya maimaita sau 38 a rarrabe cikin kwana uku ba. Watau mai rarraba karatunsa ya yi kusan rabin wahala, ya kuma sami riba iri ɗaya.

Kazalika a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai wani ɗan gajeren rubutu. Rukuni ɗaya ya yi zama huɗu yana karanta shi. Wani rukunin ya yi zama ɗaya na karatu, sauran ukun kuwa aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu sun tuna kashi 83 cikin ɗari, masu rubutawa da ka kashi 71. Da aka gwada bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu kashi 40, masu rubutawa da ka kashi 61. Abin mamaki kuma, masu maimaita karatun ne suka fi amincewa cewa za su tuna. Ga dalilin da ya sa karatun ido ke yaudarar mu. Ido ya saba da shafi, sai zuciya ta ce ai na sani, alhali kuwa ganewa ce kawai irin ta wanda ya ga fuska ya san ya taɓa ganinta, amma ya kasa kiran sunan mai ita.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun da ka. Ya kuma san tilawa, watau komawa kullum a kan abin da aka haddace a baya don kada ya zube. Gaskiya ne a tsangaya ana karatun dare a bakin wuta, ana kuma yi da asuba, amma kullum ake yi, gwargwadon abin da kai zai ɗauka, sa'an nan a huta Alhamis da Juma'a. Ba a taɓa jin gardin da ya bar allonsa a rataye wata uku, sa'an nan ya zo ya haddace izu 60 cikin mako guda ba. Yawancinmu ta wannan makaranta muka biyo. Me ya sa da muka zo jami'a muka yar da dabarar da muka tashi da ita, muka ɗauki wadda ba ta da tushe?

Hanyar kuwa ba ta da tsada. In an tashi daga lacca, da yamma ka rufe littafin rubutunka, ka ɗauki farar takarda ka zuba abin da ka tuna, sa'an nan ka buɗe ka ga inda ka yi giɓi. Ka sake yin haka bayan kwana biyu, ka kuma sake bayan mako. Alal misali, in an koya maka azuzuwan aikatau 7 da F. W. Parsons ya tsara a 1960, kada ka tsaya kallon jadawalinsu. Ɗauki aikatau ɗaya kamar "saya", ka juya shi da kanka: saye, sayar, sayo, sayu, ka faɗi ajin kowanne da ma'anar da ya ƙara. In aruli ne, kada ka tsaya ga jera sunayen bahar 16, ɗauko baiti ka yanka shi ƙafa-ƙafa. In da hali ku haɗu ku uku ku riƙa yi wa juna tambayoyi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya yi haka mako goma, in ya ce wa kansa "na sani", yana da shaida a hannu, kuma shaidar nan ita ce natsuwa.

BARCI MAI GADIN KARATU

Mukan ce barci ɓarawo ne, muna ganin duk awar da muka ba shi mun tafka hasara. Binciken masana ya nuna akasin haka. Tun a 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Cornell suka sa ɗalibai biyu haddar jerin gaɓoɓi goma-goma, wani lokaci dab da kwanciya, wani lokaci da safe. Bayan awa 8 na barci ɗaliban sukan tuna wajen rabin gaɓoɓin, bayan awa 8 a farke kuwa da ƙyar suke tuna ɗaya. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta zaman banza a lokacin barci, a nan ne take bitar abin da aka koya da rana tana kafa shi. Mai kwanan zaune kamar magini ne da ke ta ɗora tubali a kan ɗanyen gini, bai bar na ƙasa ya sha iska ba.

Ban da wannan hasara akwai ta safiyar jarrabawar kanta. A 1997 wasu masana biyu a ƙasar Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun auna kuzarin hannu da ido na mutanen da aka hana barci, suka gwada shi da na waɗanda suka sha barasa. Sun tarar cewa wanda ya yi awa 24 a farke, aikinsa kan lalace kamar na mashayin da dokar ƙasashe da dama ta haramta wa tuƙin mota. Ya ɗan'uwa ɗalibi, da wani zai ce ka shiga jarrabawa a buge, ai da ka ce ya zage ka. Amma ga shi da hannunka kake kai kanka wannan hali, har kana alfahari. Likitoci sun ce baligi na bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare, kuma ba su cire makon jarrabawa daga ciki ba.

Sai batun goro da shayi da kofi. Dukansu suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke toshe saƙon gajiya ba tare da ya kawar da gajiyar ba. Wajen rabinsa na nan a jini bayan kimanin awa 5, saboda haka wanda ya sha kofi da ƙarfe goma na dare, ko ya kwanta da ƙarfe uku barcinsa ba zai yi nauyi ba. In ya yi yawa kuma yakan sa bugun zuciya da rawar hannu, watau ainihin alamomin fargabar da ake gudu. Ba na cewa a bar goro, ni ma ina ci, amma a ci da hantsi. Waɗanda suka wuce nan suka shiga haɗiyar ƙwayoyi irin su tiramadol kuwa, su sani ƙwayar nan tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, tana kuma iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Babu digirin da ya kai wannan farashi.

ABIN DA MASU JA ZA SU CE

Na san akwai mai cewa, "Ni kwanan zaune nake yi tun daga sakandare, kuma ban taɓa faɗuwa ba." Ban ƙaryata shi ba. Alƙaluman da na kawo a sama ma sun nuna cewa cusa karatu yana aiki na ɗan lokaci. Amma ina tambayarsa abu biyu. Na farko, in takarda ɗaya ce, to, amma mai kwas tara ko goma cikin mako biyu fa? Bashin barci taruwa yake yi, kuma a takardun ƙarshe ake biyansa. Na biyu, ina abin da ya karanta bara? Nahawun aji uku a kan na aji biyu aka gina shi, kuma da yawa daga cikinmu gobe za mu tsaya gaban yara da alli a hannu, ko mu zauna gaban makirfo a gidan rediyo, ko mu yi aikin fassara. Wanda ya ci jarrabawa ya mance karatun, takarda ya fita da ita, ilmin ya bar shi a nan.

Akwai kuma mai cewa, "Kai kana magana ne kamar kowa na da lokaci." Wannan hujja ta fi ta farko nauyi. A cikinmu akwai mai jan Keke Napep da yamma don ya biya kuɗin makaranta, akwai mai ɗinki, akwai matar aure da ke barin lacca ta tarar da girki da yara. Ɗakin kwana a cunkushe, wuta kuma sai ta ga dama. Duk gaskiya ne. Amma ai wanda kuɗinsa kaɗan ne shi ya fi bukatar ya san inda kaya ke araha. In maimaici 38 a rarrabe ya yi daidai da 68 a dunƙule, to mai ƙarancin lokaci ne ya fi kowa bukatar rarrabawa. Minti 20 na tilawa ba ya bukatar wutar lantarki, ana iya yinsa a cikin mota ko a layin ɗiban ruwa. Sa'an nan mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawanmu da ke kukan rashin lokaci, in aka duba awannin da muke ba wayar hannu a rana, kunya za ta kama mu.

IN RANAR TA ZO

Ko wanda ya shirya, gabansa kan faɗi in ya ji an ce a shiga. Ga 'yan dabarun da na gwada na ga amfaninsu. Ka karya kumallo, ko da koko ne da ƙosai. Ka nisanci cincirindon bakin ƙofa, inda wani zai jefo tambayar da ba ka taɓa ji ba ya wargaza maka lissafi. In ka zauna, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, sau biyar ko shida, domin dogon sakin numfashi yana rage gudun zuciya. A 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago sun nuna cewa ɗaliban da suka yi minti 10 suna rubuta damuwarsu a takarda dab da jarrabawa sun fi takwarorinsu samun maki, musamman masu yawan fargaba. Ana iya yin wannan a ɗaki kafin a fito, a yaga takardar a zubar. Ka karanta tambayoyin duka, ka fara da wadda ka fi sani, don hannu ya saki. In ka fito kuma, ka bar tone-tonen amsa da abokai, abin da ya wuce ya wuce, ga ta gobe tana jira.

Wanda kuma abin ya wuce masa haka, ya yi makonni ba ya iya ci ba ya iya barci, ko ya fara jin rayuwar ma ta ishe shi, to wannan ciwo ne kamar zazzaɓi, ba ragwanci ba ne. Ya je asibitin makaranta, ya gaya wa wani malami ko ɗan'uwa da ya amince da shi. Mu kuma abokan zama mu sa ido a kan juna. Faɗuwa kwas ɗaya ba ƙarshen duniya ba ne, ga ni nan na faɗi na tashi.

ROƘO GA MALAMANMU

Ba zan rufe ba sai na juyo ga iyayenmu malamai, cikin ladabi, domin wani ɓangare na maganin yana hannunsu. A yawancin jami'o'inmu jarrabawar ƙarshen zango ce ke ɗauke da kashi 60 ko 70 na maki, sauran kuma na gwaji da jinga. An tsara haka ne don ɗalibi ya san matsayinsa tun da sauran lokaci. In aka bar gwajin sai mako na ƙarshe, ko aka yi shi amma ba a dawo da takardun ba har aka shiga jarrabawa, manufar ta ɓace, ɗalibi ya shiga a makance. Ɗan gwaji na minti biyar a farkon lacca, ko da babu maki a kansa, zai tilasta mana tilawar da muke gudu.

Na san su ma malaman a matse suke. Ƙa'ida ta tanadi mako 15 na koyarwa a kowane zango, amma bayan dogon rufe makarantu, irin yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, akan matse zango don a cim ma kalanda, malami da ɗalibi duk su shiga gudun da ba su shirya masa ba. Duk da haka akwai abin da ba ya cin kuɗi ko lokaci: a fito da jadawali da wuri, a guji haɗa wa aji ɗaya manyan takardu biyu a rana guda, a kuma rage irin barazanar nan ta "babu mai cin kwas ɗina". Mai faɗar ta yana nufin zaburarwa, amma gishirin kan yi yawa. Ɗalibin da tsoro ya rufe wa ido shi ne kan shiga da 'yar takarda a aljihu, a kama shi, a kore shi, wahalar shekara uku ta tafi a banza. Ban ba shi uzuri ba, amma rigakafi ya fi magani.

KAMMALAWA

Da na sake ɗaukar kwas ɗin nan da ya kayar da ni, na koma wa dabarar makarantar allo. Kowace Laraba da yamma nakan rufe littafi in zuba abin da na tuna, in kai wa abokina ya duba. A daren jarrabawar na kwanta bayan sallar isha'i da kaɗan, abokan ɗakina suna yi mini dariya. Da safe gabana ya faɗi kamar na kowa, amma da na ga tambayoyin sai na tarar duk mun taɓa gaisawa da su. Ba ƙwaƙwalwata ce ta sake ba, lokacin fafe gorar ne na sake.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, yanzu da wannan mujalla take hannunku, ku ƙirga makonnin da suka rage kafin a kafe jadawali. Ko uku ne sun isa a fara. Yau da yamma a ɗauki farar takarda, a rufe littafi, a ga abin da ya zauna, in dare ya yi kuma a kwanta. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya saka wa malamanmu da alheri, amin.